Matsakaici: rabon da ba a taɓa yi ba

Akwai kalma guda da ke yawo a bakin jama'ar ƙasar nan tun daga ajin lakkwal har zuwa teburin minista. Masu jin Faransanci na ce mata "muwayan", Hausa kuma ta ce matsakaici. Ɗan lakkwal na jiran ta ƙarshen kowane zango gabansa na faɗuwa. Gidan rediyo na ambaton ta in za a ba da farashin hatsi na kasuwannin jaha. Ma'aikatan ƙididdiga na rubuta ta cikin rahotanninsu, magabata kuma su ɗora shawara a kanta. Amma sabo da kalma daban ne, sanin abin da ta ƙunsa daban. Ɗan kasuwan da bai gane ta ba yana iya cin uwar kuɗɗinsa yana murnar riba, ma'aikacin da bai gane ta ba kuwa ana iya rufe masa baki da adadin da babu ƙarya a cikinsa. Saboda haka filin wannan mako zai tsaya a kanta.

Yadda ake fitar da shi

Hanyar ba ta da wuya. Ana tara adadin duka wuri guda, sannan a raba jimlar da yawan abubuwan da aka tara. A ɗauki misalin mai shago da ya rubuta cinikinsa na kwana shida: jika 12, jika 8, jika 15, jika 9, jika 30 ranar kasuwa, sai jika 10. Jimla ta kama jika 84. In aka raba 84 gida shida, kowace rana ta tashi da jika 14. Wannan 14 shi ne matsakaicin cinikinsa na yini.

Sai mai karatu ya lura da abu guda: cikin kwanakin nan shida babu ranar da mai shagon ya yi cinikin jika 14. Adadin bai taɓa shiga aljihun teburinsa ba. Abin da yake nufi shi ne, da a ce an zuba cinikin kwanakin duka cikin ƙwarya guda aka raba wa kowace rana daidai wa daida, to kowace za ta samu jika 14. Matsakaici rabo ne na daidai da aka yi a kan takarda, wanda duniya ba ta yi ba.

Akwai hanyar tabbatar da cewa lissafin ya fita daidai. Ranakun da suka gaza 14 guda huɗu ne, giɓinsu kuwa 2 da 6 da 5 da 4, wato 17. Ranakun da suka haura biyu ne, rararsu 1 da 16, ita ma 17. Kullum haka yake: abin da na ƙasa suka rasa daidai yake da abin da na sama suka ɗara, kamar sikelin da hannuwansa biyu suka tsaya cak. Daga nan kuma ake ganin halin matsakaici na farko. Rana guda mai nauyi, ranar kasuwa, ta ja shi sama har ya wuce cinikin kwana huɗu cikin shida. Mai shagon da ya ɗauki alkawarin zubin adashe na jika 14 kowace rana, yana dogaro da wannan adadi, zai ji kunya sau huɗu a mako.

Amfanin adadin yana wurin jimla. Wanda ya san matsakaicin yini jika 14 ne, ya san cewa cinikin kwana 26 zai kama wajen jika 364 in al'amura ba su sauya ba, kuma da wannan zai auna ko shagon na iya ɗaukar kuɗɗin haya da na lantarki da patanti. A nan matsakaici aboki ne na ƙwarai. Wurin da yake yaudara shi ne in an tambaye shi labarin rana guda ko mutum guda.

Buhu nawa?

Kuskuren da ya fi cin dukiyar fatake shi ne ɗaukar matsakaicin farashi ba tare da ƙidaya kaya ba. A ce wani mai sayen hatsi ya fita da kaka ya zagaya kasuwannin ƙauye uku. A ta farko ya samu buhu a jika 18, amma buhu 10 kawai ya samu. A ta biyu ya sayi buhu 30 a jika 22. A ta uku farashi ya hau, ya sayi buhu 60 a jika 26. Da ya dawo gida sai ya tara 18 da 22 da 26, ya samu 66, ya raba uku, ya ce buhu ya tsaya masa a jika 22. Wani ya taya jika 23, ya sallama buhu ɗarin duka, yana lissafin ribar jika 100.

Ga abin da ya faru a zahiri. Buhu 10 a jika 18 sun ci jika 180. Buhu 30 a jika 22 sun ci jika 660. Buhu 60 a jika 26 sun ci jika 1.560. Abin da ya fita daga aljihunsa jika 2.400 ne a kan buhu 100, wato kowane buhu ya tsaya a jika 24. Da ya sayar a jika 23 ya karɓi jika 2.300. Ribar jika 100 da yake murna da ita faɗuwa ce ta jika 100, tun ba a sa kuɗɗin mota da na ƴan dako da harajin kasuwa da hayar sito ba. In waɗannan sun ci jika 150, to buhu ya tsaya a jika 25 da rabi, faɗuwar kuma ta kai jika 250.

Ina kuskuren ya shigo? Ya ba kasuwar da ya sayi buhu 10 ƙarfi ɗaya da wadda ya sayi buhu 60. Farashin da aka sayi kaya da yawa a kansa shi ya fi nauyi, dole kuma a ninka kowane farashi da yawan buhunan da aka saya kafin a tara. Ƙa'idar da ba ta kuskure ita ce a koma ga jimla: duk kuɗɗin da suka fita, a raba su da duk kayan da suka shigo. Haka mai canjin sefa da naira zai yi in ya sayi naira sau uku a farashi uku tsakanin Maraɗi da Jibiya, haka mai albasa a Galmi, haka dillalin dabbobi.

Tarkon na zuwa da wata kama. Mutum ya ware jika 120 ya sayi hatsi lokacin da buhu ke jika 20, ya samu buhu 6. Bayan wata biyu ya sake fitar da jika 120 buhu na jika 30, ya samu buhu 4. Tunda kuɗɗin da ya kashe sau biyun daidai suke, zai zaci matsakaicin farashi jika 25 ne. Alhali jika 240 ya kashe a kan buhu 10, wato jika 24 kowane. Wannan karon kuskuren bai cuce shi ba, amma hanyar da ta ɓatar da shi ita ce dai ta ɗazu.

Takardar makin yaro

Ma'aikatan gwamnati sun san wannan lissafi tun suna kan benci, ko da sun manta sunansa. A kwalej da lise kowane darasi na da nasa nauyi, abin da malamai ke kira "kwafisiyan", kuma ana neman 10 bisa 20 kafin a ce yaro ya samu muwayan. A ce uba ya buɗe takardar ɗansa ya ga lissafi 7, Faransanci 8, tarihi 13, wasannin motsa jiki 16. Ya tara ya samu 44, ya raba huɗu, ya samu 11, hankalinsa ya kwanta. Amma a ce nauyin lissafi 3 ne, na Faransanci 3, na tarihi 2, na wasanni 1. Sai lissafin ya koma 21 da 24 da 26 da 16, jimla 87, a raba da jimlar nauyi, wato 9. Abin da ya fito 9,67 ne. Yaron bai kai ba.

Uban da ya iya wannan lissafi ya san fiye da cewa ɗansa ya gaza, ya san inda gyara take. Ana bukatar 90 kafin a kai 10, saura maki 3 ke nan. Ƙarin maki ɗaya tak a darasin lissafi ya isa ya cike giɓin, domin ana ninka shi sau uku, alhali a wasanni sai yaron ya ƙara maki uku cur. In akwai kuɗɗin ɗaukar malamin da zai riƙa bita da yaro da marece, an san darasin da za a kashe su a kai.

Albashin biro

Hali na biyu na matsakaici shi ne babban adadi guda na iya jan sa inda ya ga dama. A ɗauki wata ma'aikata mai mutum goma. Takwas na karɓar jika 60 a wata, mataimakin shugaba na karɓar jika 120, shugaba na karɓar jika 600. Jimlar albashi jika 1.200, matsakaici jika 120. Wanda ya ce matsakaicin albashi a wannan ma'aikata jika 120 ne bai yi ƙarya ba, amma mutum takwas cikin goma rabin haka suke kaiwa gida. In aka ƙara wa shugaba jika 200, matsakaici ya hau zuwa jika 140, a rubuta cewa albashi ya ƙaru, alhali masinja da sakatare ba su ga ko dala ba.

Maganin wannan shi ne wani ma'auni da masana ƙididdiga ke ajewa kusa da matsakaici. A jera mutanen sahu guda daga mai ƙaramin albashi zuwa mai babba, a dubi abin da na tsakiyar sahun ke karɓa. A wannan ma'aikata na tsakiyar sahu jika 60 yake karɓa, kuma ko an ninka albashin shugaba sau goma ba zai motsa ba. Wakilin ƙungiyar ƙwadago da ya zauna teburin shawara aka karanta masa matsakaicin albashi, yana da haƙƙin ya nemi a faɗa masa na tsakiyar sahu, da yawan waɗanda ke ƙasa da matsakaicin. Haka abin yake ga adadin da ake kira kuɗɗin shiga na kowane ɗan ƙasa: dukiyar da ƙasa ta samar a shekara ce aka raba da yawan jama'a, har da jariran goye. Yana faɗin girman tukunya, ba ya faɗin abin da ya shiga akushin kowa.

Akwai kuma wurin da wannan irin matsakaici ba ya aiki sam, wato wurin abin da ke hawa bisa kansa. Ɗan kasuwa ya fara da jika 100, shekarar farko ya ci ribar kashi 50 cikin ɗari, ta biyu ya faɗi da kashi 50 cikin ɗari. Wanda ya tara riba da faɗuwa ya raba biyu zai ce bai ci ba, bai faɗi ba. Amma jika 100 sun zama 150, rabin 150 kuwa 75 ne, ya rasa rubu'in jarinsa. Waɗanda suka ga karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 sun san wannan a jikinsu: faran guda na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma sefa 100, kuɗɗin ƙasa sun rasa rabin darajarsu, kuma abin da ya rasa rabi sai ya ninka kansa kafin ya koma inda yake.

Mutumin da ba a haifa ba

A shekarar 1835 wani masani ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya fitar da littafin da ya yaɗa tunanin "matsakaicin mutum", wato mutumin da tsawonsa da nauyinsa da sauran halayensa duka matsakaicin na jama'a ne. Tunanin ya taimaki gwamnatoci wajen tsara aiki, amma wannan mutum ba a taɓa raɗa masa suna ba. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna haihuwa 7,6 ga kowace mace. Babu macen da ta haifi ɗa bakwai da ɗan gutsure. Ma'anar ita ce mata goma za su haifi wajen ƴaƴa 76 a tsakaninsu, wata goma sha biyu, wata uku, wata ko ɗaya. Adadin na da amfani ga mai lissafin yawan azuzuwa da gidajen haihuwa da za a gina. Ba ya ba da labarin ɗakin kowa.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ba da misalin da ya fi wannan fitowa fili. An ƙirga mutum miliyan 17 da ƴan kai a ƙasar da faɗinta ya kai murabba'in kilomita 1.267.000, wato tsakanin mutum 13 da 14 a kowane murabba'in kilomita. Mai kallon wannan adadi daga nesa zai ce ƙasar fili ce fetal, gona sai wadda mutum ya zaɓa. Amma jahar Agadas kaɗai ta ɗauke fiye da rabin faɗin ƙasar, jama'arta kuwa ba su kai rabin miliyan ba a lokacin, ko mutum ɗaya ba a samu ba a kowane murabba'in kilomita. Jahar Maraɗi kuma, mai mutum wajen miliyan 3 da dubu 400, ta haura mutum 80 a kowane murabba'in kilomita. Manomin Madarunfa da gonar gadonsa ke tsukewa duk lokacin da aka raba ta tsakanin magada, matsakaicin ƙasa bai san da zamansa ba.

Ruwan sama ma haka ne. Masana yanayi na ɗaukar shekaru talatin su fitar da matsakaici, su auna kowace damana da shi. Sai dai wanda ya haɗa shekarar fari irin 1984 da shekarar ambaliya irin 2024 ya raba biyu, zai samu kyakkyawar damana wadda ba a taɓa yi ba. Ko cikin shekara guda, manomi ya san milimita 500 da suka sauka daki-daki daga shuka zuwa bununi ba ɗaya suke da milimita 500 da suka zubo cikin mako uku sannan sama ta ɗauke ba. Jimla guda, matsakaici guda, rumbu daban.

Darasin 2005

Wannan magana ta wuce wasan alƙalami, domin ƙasar nan ta taɓa biyan kuɗɗinta da tsada. Damanar 2004 ta ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka a wasu yankuna. Da aka tara amfanin gona na ƙasa baki ɗaya, abin da ya ragu bisa matsakaicin shekaru biyar da suka gabata bai wuce wajen kashi ɗaya cikin goma ba. A kan takarda giɓin mai ciko ne. Amma ba a raba shi daidai tsakanin garuruwa ba: wasu sun cika rumbu, wasu kuwa, musamman a yankunan da noma ke haɗuwa da kiwo, kusan komi suka rasa. Da bazarar 2005 ta zo farashin hatsi ya yi tashin da ba a saba gani ba, darajar dabbobi ta faɗi, talakka ya ga hatsi jibge a kasuwa ba shi da abin saye. Jahar Maraɗi, wadda ake kira rumbun ƙasa, na cikin wuraren da cibiyoyin jinyar tamowa suka fi cika da yara. Matsakaicin cimaka na kowane kai bai yi ƙarya ba, ya faɗi abin da kowa zai samu da an raba daidai. Rabon ne ba a yi ba.

Wannan ba dalili ba ne na yin watsi da ƙididdiga. Ƙasar da ba ta auna abin da ta noma, ko ɗan kasuwan da ba ya rubuta abin da ya saya, duk cikin duhu suke tafiya, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Abin da ake nema shi ne a karɓi adadin tare da tambayoyinsa. In an ce matsakaici kaza ne, a tambaya mi aka tara, kuma da mi aka raba. A tambaya ko an ba kowane abu nauyin da ya dace da yawansa. A nemi sanin mafi ƙanƙanta da mafi girma, da yawan waɗanda suka faɗo ƙasa da matsakaicin. Jami'in da ke aika rahoto daga gunduma zuwa Yamai zai kyauta in ya rubuta waɗannan kusa da adadin, ya kuma ambaci sunayen garuruwan da suka fi shan wuya, kada su nutse cikin jimla.

Ga ɗan kasuwa kuwa aikin bai wuce littafi guda mai layi uku ba: yawan kaya, farashin kowane, da abin da aka biya duka, har da mota da dako. Kafin a sallama kaya a tara layi na uku, a raba da jimlar layi na farko. Abin da ya fito shi ne farashin da kaya suka tsaya a kai, kuma duk tayin da bai kai shi ba faɗuwa ce, ko da mai tayin aboki ne. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.